Wadda Ba Na Iya Faɗin Sunanta

Ivanovo, tsakiyar Oktoba, 1986

Burul-jenge,

Gaisuwa mai tarin yawa daga garin masaƙu, inda rana ta yi yaji tun watan jiya kuma babu mai niyyar zuwa biko. Ina fata kuna lafiya, ke da yayana Toktosun-baike da yara. Ya ƙafar kakarmu Ene? Ki rungume min ita, ki ce Kanishai ta ce Altin-ene zinariya ce kamar yadda sunanta yake nufi, tsufa ba ya sa ta tsatsa. Na san za ta ce wannan bakin ne ya kai ni ƙasar Rasha, ki bar ta ta faɗa. An sauko da tumaki daga tudu? Ciyawar hunturu ta taru? Mu nan ƙalau muke ni da mijina Ermek. Shi yana fama da injuna, ni ina fama da zare, da yamma mu haɗu a ɗaki muna yi wa juna ihu saboda kunnuwa sun toshe.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Lokacin rajistar jaridun shekara mai zuwa ya yi, kuma bana an kawo mana mujallun ɗinki guda biyu, sai dai kowace ma'aikaciya ɗaya tak za a ba ta. Ni me zan yi da ita? Kin san hannuna, Ene ta ce ko buhu na ɗinka sai hatsin ya gudu. Ke zan yi wa, in sa adireshin gida, duk wata ta same ki har At-Bashi.

Ɗaya sunanta Gidanmu. Takardarta santsi, hotuna kala-kala, matan ciki duk sirara, da gani ba su taɓa tatsar saniya ba. Akwai girki, akwai labule, akwai yadda ake fitar da tabon mai daga riga, amma ɗinkin bargo shafi biyu ne kawai can ƙarshe. Ɗayar kuma Allurar Zinariya. Ba ta da kyan gani, takardar irin wadda ake naɗe kifi ce, amma daga bango zuwa bango haɗin ƙyalle ne, kuma a tsakiya akwai ƙatuwar takarda da za ki buɗe ki ɗora a kan yadi ki yanka. Na ga wani zane a ciki sak jerin gaurakin da Ene ke yi a bargunan kurak ɗinta na haɗin ƙyalle, su kuma sun rubuta wai daga wata ƙasa ya zo. Kada ki gaya mata, za ta ce a kai ta gaban ɓarawon.

Na tambayi mutane har na gaji. Valya da muke layi ɗaya ta ce Gidanmu, don ko ba ki ɗinka komai ba kin kalli duniya. Nafisa-apa, tsohuwar Tatar mai gadin ƙofar benenmu, ta ce mace mai hankali ba ta zaɓen mujalla saboda hoto, kamar yadda ba ta zaɓen miji saboda gashin baki. Na kalli gashin bakin Ermek.

Ga yadda za mu yi. Ki je wurin Zuura a gidan waya ki tambaya. In akwai ɗaya da ake samu a nan wurinku, ki yi rajistarta da kanki, ni kuma in yi miki wadda babu. Ki amsa da wuri, ƙarshen Nuwamba ake rufewa.

Batun zuwa gida kuwa, bana ma ba zai yiwu ba. Na san haka na faɗa bara da bara waccan, ba sai kin tuna min ba. Hanya da nisa, hutu sai an yi roƙo, kuma akwai wani dalili da ba zan rubuta ɓaro-ɓaro ba. Ki ce wa Ene kawai rigunana sun fara yi min kaɗan, kuma kokwamba mai tsami nake nema ido rufe. Za ta gane. Ke ma kin gane, ki daina dariya.

Ƙanwar mijinki mai kewarku,
Kanishai

*

At-Bashi, farkon Nuwamba

'Yar Lele,

Muna gaishe ki, muna gaishe da surukinmu. Yayanki da yara lafiya lau. A tsaye nake rubutun nan, motar wasiƙu tana ƙofar gidan waya tana ƙugi, kuma an ce dusar ƙanƙara za ta rufe hanyar Dolon, ban san yaushe wata za ta sake fita ba.

Albishirinki ya iso, ya kuma shiga kunnen da ya kamata a kan lokaci. An yi kuka. Ki kula da kanki, kada ki ɗauki abu mai nauyi, kada ki bar komai ya tayar miki da hankali.

Wadda ba na iya faɗin sunanta dai ta ƙare mana a nan, tun ranar Alhamis. Ina can wurin tumaki, ko da na iso sai haƙuri aka ba ni. Raina ya ɓaci ba kaɗan ba. Yanzu saura ke, kin san abin da za ki yi daga can.

An buɗe sanduƙin. Mata sun cika gida, almakashi bai huta ba, yatsuna har sun yi kanta. Ga ƙyalle nan na sa miki a ciki, ba sai na gaya miki daga inda ya fito ba. Sauran bayani sai na samu zama.

Jengenki,
Burul

*

Ivanovo, ƙarshen Nuwamba

Jenge,

Ban san da wace gaisuwa zan fara ba. Allah ya ba mu haƙuri, ya ba Toktosun-baike haƙuri. Jikina lafiya, abin da ke cikina ma yana motsi, kada ki ji tsoro. Na san saboda shi kika yi ta kewaye-kewaye.

Wasiƙarki ta daɗe a hanya, sai makon jiya ta zo. Ina buɗewa ƙyallen ya faɗo a cinyata, kuma tun kafin in karanta kalma ɗaya na gane shi. Koren karammiskin nan ne na ƙasan sanduƙi, wanda Ene ta ajiye don jirtish ɗinta, a yayyaga a raba wa matan da suka zo makoki. Ina ƙarama na taɓa ciro shi zan yi wa 'yar tsanata riga, ranar ce kaɗai ta taɓa marina. Ta ce, “Wannan ba ya fita sai ranar da na fita.” Sai na karanta. Kin ba ni lafiyar baike da yara, kika tsallake ta. Kika ce wadda ba kya iya faɗin sunanta ta ƙare. In aka cire ni, mace nawa ce ta rage a gidanmu da ba kya faɗin sunanta?

Na san al'ada. Ba a sa irin wannan a takarda, dattawa ake turawa su zauna su sha shayi su lallaɓa mutum. To wane dattijo zai zo Ivanovo? Ko wayar tangaraho ba ku iya buga min ba, ku ce “Ene ba lafiya, ki zo,” kamar yadda ake yi wa kowa? Ita ta goya ni, a jikinta nake barci tun ban yi haƙori ba, sai ga shi an kai ta ina nan ina ƙulla zaren da ya tsinke, ina musu da Valya a kan mujalla. Na ji haushinku, jenge, ba zan ɓoye miki ba. Amma haushin kaina ya fi.

Ermek ya ce mu kira mu tabbatar. Muka je gidan waya, aka ce layin bayan Narin ya yanke. Ya ce to mu bar saƙo, in an gyara a tura. Na ce in rubuta me? In sa baike ya tsaya gaban Zuura ya amsa min da e? Kin riga kin faɗa min yadda surukar kirki take faɗa.

Ranar Alhamis na soya boorsok, fanken nan namu, a kicin ɗin bene don ƙamshin mai ya isa gare ta. Nafisa-apa ta kawo mijinta ya yi karatu, na raba wa duk ɗakunan. Babu wadda ta iya kuka irin namu a nan, sai na juya fuskata ga bango na yi ni kaɗai. Ga abin da bakina ya faɗa, ki shiga ɗakinta ki karanta da ƙarfi:

Ene mai allura, zarenki ya tsinke,
wa zai haɗa ƙyallayen gidanmu?
Mai haƙuri kamar ƙasa,
bakinki bai taɓa ɓata wa kowa ba.
Kin rufe kowa da bargo,
ni ban zo na rufe ki ba.

Na je wurin shugabar sashenmu, matar nan da kullum take ce min babu hutu. Da ta ji rasuwa ce, ko tambaya ba ta yi ba ta sa hannu. Likita ya yi gunaguninsa ya ƙyale ni. Na sayi tikitin jirgin sama zuwa Frunze, tsakiyar Disamba, zan iso kafin arba'in.

Kin ce na san abin da zan yi daga nan. Ban san komai ba. Ranar rufe rajista Valya ta kawo min takardar, na ce ta cika abin da ta ga dama, sai idona ya faɗa kan sunan. Na karɓe biron na rubuta miki Allurar Zinariya. Ban damu da abin da ke ciki ba. So nake duk wata Zuura ta ƙwanƙwasa ƙofa, sunan Ene ya shigo gida.

Kanishai

*

Wayar tangaraho, At-Bashi zuwa Ivanovo, farkon Disamba

ENE TANA NAN DA RANTA. YANZU HAKA FAƊA TAKE. WASIƘA NA TAFE. BURUL

*

Ivanovo, ranar da wayarku ta zo

Jenge, jenge, jenge!

Da kina kusa da sai na shaƙe ki sannan in rungume ki. Ina gaishe da kowa, ina gaishe da Ene, Allah, bari in sake rubutawa don daɗi: ina gaishe da Ene. Ya ƙafarta? Ta sha shayi? Da wa take faɗan?

Ina tsakiyar aiki sai na hango Ermek ya shigo da gudu, babu hula, dusar ƙanƙara a gashinsa, yana kaɗa takarda. Na ce a raina shi ke nan, wani kuma ya tafi. Na ƙi karɓa. Ya kama kafaɗata ya sa baki a kunnena, don injuna ba sa barin a ji komai, ya kwarma ihu:

“Faɗa take!”

Na ce, “Wa?”

Ya ce, “Ene! Faɗa take!”

Kin san da kin rubuta “Ene tana lafiya” da ban yarda ba, da na ce lallashina kuke saboda cikin. Amma faɗa? Wannan ba wanda zai ƙirƙira. Na zauna daɓas a ƙasa tsakanin injuna ina kuka ina dariya, zare ya yi ta tsinkewa a layina ba mai ƙullawa, Valya tana ta yi min fifita da kwali tana tambayar ko naƙuda ce.

Yanzu kunya ta rage. Duk benen nan sun ci boorsok ɗin rasuwa. Da na gaya wa Nafisa-apa, sai ta tafa hannu ta ce wanda aka yi wa kukan mutuwa yana raye sai ya ga jikokin jikokinsa, kuma karatun mijinta ba ya faɗuwa ƙasa, an ajiye mata shi a gaba. Valya kuma cewa ta yi, tunda kakar ta tashi, ba za a sake soya wani na murna ba? Na soya, sun cinye.

Amma ki yi min bayani, don har yanzu kaina bai ɗauka ba. Wace ce ta ƙare ranar Alhamis? Me ya fito da karammiskin? Ko Ene ta yi rashin lafiya ne kuka ɗauka tafiya ce, ta dawo? Kada ki sake rubuta min wasiƙa a tsaye, ko da motar za ta tafi ta bar ki har bazara.

Batun tafiya, hutun na rasuwa ne, rasuwa kuwa babu, alhamdulillahi. Ba zan iya kallon idon shugabarmu ba ina riƙe da takardar da ta sa wa hannu saboda tausayi. Ranar hutuna mai zuwa zan je in mayar da tikitin, in gaya mata gaskiya. In na sauka lafiya, jaririn ya yi ƙwari, sai mu shirya zuwa a tsanake. Yanzu da hankalina ya kwanta ai babu gaggawa.

Ki sumbaci hannun Ene, ki ce ta yi ta faɗa, kada ta daina.

Taki,
Kanishai

*

At-Bashi, washegarin buga waya

'Yar Lele,

Yau a zaune nake, na jawo tebur kusa da murhu, na kori yara. Kowa lafiya. Yayanki lafiya, yara lafiya, tumaki lafiya, Ene lafiya. Kin ga na rubuta, ki ja layi a ƙarƙashi. Ƙafar ce dai kamar kullum. Wannan wasiƙar zan ba direban da zai sauka Frunze ya jefa ta a ta jirgin sama, don ta riga ki yin wani shirmen.

Bari in fara da wadda ta ƙare. Ke yarinyar nan, mujalla ce! Ba ke kika ce in je wurin Zuura in ga wadda babu ba? Na je, ta ce guraben At-Bashi kaɗan aka ba su, malaman makaranta sun kwashe tun Alhamis. Wace mujalla? Ta biyun, mai allura. Ta yaya kike so in rubuta sunanta? Tun da aka kawo ni gidanku kin taɓa jin kalmar nan a bakina? 'Yan kunnen aurena ma “mai ƙyalli” nake ce musu, haƙorin Zuura na gaba kuma “rawayan nan”. Ke da kike kwaikwayona kina dariya kina ƙarama, yau kin je birni kin manta surukar gida ba ta kiran sunan kakar mijinta ko da a bangon mujalla aka buga shi. Rashin ambaton Ene a gaisuwa kuwa laifin direba ne, hon yake ta yi min.

Sai sanduƙi. Ranar da na karanta mata zancen kokwambarki, ta share ido da gefen ɗankwali, ta ce, “Kelin, surukata, miƙo makullin.” Na ɗauka alewa za ta ciro wa yara. Sai na ga ta zube komai har ƙasa, ta fito da karammiskin da sauran yadukan jirtish, ta ce bargon jariri za a yi, babba, mai jerin gauraka da layu a gefe. Kafin la'asar labari ya zaga, mata suka cika gida. Sabira-eje, maƙwabciyarmu, wadda ta daɗe da sa ido a kan koren nan, ta dafe ƙirji.

“Haba Ene, to mu ranar me za a yaga mana?”

Ene ko ɗagowa ba ta yi ba. “Ke wa ya ce miki za ki kai ranar? Da wannan tarin naki?”

“Ai mutane za su yi magana, a ce an raba farin yadi a makokin babbar mace.”

“Su yi. Ina kwance, ba ji zan yi ba. Miƙo almakashi, in ba ki da aikin yi.”

Ƙyallen da na sa miki, ita ta ce a aika miki ki nemo zaren siliki mai irin korensa, tunda kina zaune a garin zare. Wannan ne bayanin da na ce sai na zauna. Na yarda, rabin laifin nawa ne. Rabi kawai.

Yanzu ki ji yadda wasiƙarki ta same mu. Kin san ba na buɗe wasiƙarki ni kaɗai, Ene ta hana, sai a gabanta. Jiya da hantsi muna zaune mun baje bargon, ita da ni da Sabira-eje, ga shayi. Ta ce, “Karanta, mu ji wace ƙaryar ta aiko.” Na gyara murya na fara. Da na kai “Allah ya ba mu haƙuri” na ɗan tsaya, na ce ko wani ne ya rasu a dangin surukinmu. Na ci gaba. Da na kai karammiski, sai na gane. Na fara ninke takardar, na ce rubutun bai fito ba.

Ene ta ce, “Idonki ya fi nawa. Wa ya mutu?”

Na sunkuya kan takardar. Sabira-eje ta leƙo ta kafaɗata, ta karanta, ta saki kofi.

“Ke ce, Ene! Wallahi ke ce!”

“Ni?”

“Tun Alhamis ɗin farkon Nuwamba!”

Ene ta ajiye allura, ta gyara zama, ta ce, “To ba wanda ya gaya min. Kelin, ci gaba, kada ki tsallake ko wasali. Mutum ba kullum yake samun wannan ba.”

Haka na karanta, gumi yana zubo min. Da na zo kan boorsok ta ce shi ya sa take ta yin atishawa. Da na zo kan waƙar, na ce wannan kam ba zan iya ba. Ta ce ai kin ce a karanta a ɗakinta da ƙarfi, ga ɗakin, ga ta. Na karanta. Wurin “mai haƙuri kamar ƙasa” Sabira-eje ta fara shaƙewa. Wurin “bakinki bai taɓa ɓata wa kowa ba” ta faɗi gefe tana dukan tabarma, Ene kuma ta ce, “Wannan wata ce ta mutu, ba ni ba.” Ni ma dariyar ta ƙwace min, Allah ya yafe min.

Amma da na kai layi biyun ƙarshe, ba wanda ya yi dariya. Na karanta zancen hutu da tikiti, na karanta dalilin da ya sa kika zaɓi mujallar. Ene ta ɗauki sandarta ta fita. Na leƙa ta taga, na gan ta tsaye a bakin garke cikin sanyi, ta ba gida baya, kafaɗunta suna rawa. Tun da na zo gidan nan ban taɓa ganin haka ba, kuma in kika gaya mata na faɗa miki, ni da ke ne. Da ta dawo sai ta hau ni da faɗa, wai ni wace irin suruka ce da zan kashe ta a takarda in bar yarinya mai ciki tana kuka a ƙasar mutane, in tashi maza in je in buga waya. Faɗan da na rubuta miki ke nan, a kaina yake sauka.

Mujalla kuwa kin yi daidai, ita nake so, ko da kuka kika zaɓe ta. Zuura ta ce a Janairu ta farko za ta zo. Na gaya wa Ene zancen gaurakin, ban iya riƙewa ba. Ta ce a bar su su zo, za ta duba ɗinkinsu ta baya, nan ake gane ɓarawo. Matsalata ɗaya, shekara guda cur zan yi ina cewa yara su miƙo min “waccan”.

Ga Ene nan a kaina, ta ce in rubuta nata yadda ta faɗa. Ta fara da kiran sunanki, wannan ke za ki sa da kanki.

“Na ji kukanki. Muryar ba laifi, ƙarya ce ta yi yawa. Zaren da na ce ki nemo, kada ki sayo mai arha. Yanzu ki buɗe kunne. Shekara uku ina zaune a bakin taga, ana karanta min hanya da nisa, hutu babu. Na mutu kwana kaɗan, sai ga hutu, sai ga jirgi. Ban yi fushi ba, haka 'ya'ya suke. Amma na san ki, kina jin ina numfashi za ki ruga ki mayar da tikitin, ki ce kunya. Kada ki kuskura. A Ivanovo ki bar ni a mace, ba ni da mai gaishe ni a can. Ranar arba'in ɗin za a yanka tunkiya, na riga na nuna wa yayanki wadda nake so. Ki zo mu ci tare. Na gaskiyar in ya zo, ba sai kin taso ba, na yafe miki shi tun yau. Wannan nake so.”

Ta ce in rufe haka, kada in ƙara komai.

Jengenki,
Burul

*

Wayar tangaraho, Ivanovo zuwa At-Bashi

BAN MAYAR BA. BAIKE YA TARE NI A FRUNZE RANAR TALATA. ENE TA AJIYE MIN KITSEN WUTSIYA. KANISHAI